Bindigar farko don wasan harbin saiti: tambayoyi da amsoshi ga mazauna ƙasashen waje

Wannan bayani na mutumin da ke zaune a ƙasar da harbin saiti yake halastaccen wasa ne, irin su Amurka, Kanada da Ingila, yana sha'awar farawa, amma ba ya son ya zuba kuɗi masu yawa tun ba a je ko'ina ba. Harbin saiti shi ne a kafa takarda ko faifan ƙarfe a wani nisa sananne cikin filin da aka keɓe, mutum ya gwada nutsuwarsa da daidaiton hannunsa. Farauta da kare kai kowanne da nasa kayan da nasa hukuncin, ba su ake magana a nan ba.

Ina zaune a Najeriya. Wannan ya shafe ni?

Ta fuskar ilimi ya shafe ka. Ta fuskar saye kuwa bai shafe ka ba, kuma gara a faɗi haka tun farko. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai waɗanda aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa, akwai na amfanin kai waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sannan akwai bindigar toka ta gargajiya da ke ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar wasa tana cikin gida na biyu, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne har bindigar iska ma tana can. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sanar cewa ta dakatar da ba da sababbin lasisi saboda yawan makamai a hannun jama'a. A Nijar da Gana ma ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma.

Wanda ya taso a Zamfara, Katsina, Sakkwato ko Borno ba ya jin ƙarar bindiga ya tuna da wasa, kuma yana da gaskiya. Don haka duk wanda ya zo maka da bindiga a ɓoye ya ce ai ta wasa ce, ka guje shi. Wasan da ake bayani a nan yana tafiya ne da lasisi, da rajista, da fili mai bango, da jami'in da ke tsaye yana sa ido.

To a ƙasashen waje, baƙo yana iya saye?

Ya danganta da takardunka. A Amurka, mai katin zaman dindindin, wato girin kad, yana iya sayen doguwar bindiga daga dillali mai lasisi kamar ɗan ƙasa: ya cike fom mai lamba 4473, a bincika sunansa a tsarin NICS na hukumar FBI, kuma shekarunsa sun kai 18. Wasu jihohi, kamar Kalifoniya da Florida, sun ɗaga shekarun zuwa 21. Amma wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya faɗa cikin 'yan togaciya kaɗan, kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Wanda ba shi da takardun zama an hana shi gaba ɗaya. Ɗalibai su kiyaye wannan sosai, domin kuskure a nan yana iya jawo ɗauri da kora.

A Ingila sai ka samu takardar shaidar mallakar bindiga daga 'yan sandan yankinka. Za su nemi ƙwaƙƙwaran dalili, wanda ga mai harbin saiti shi ne zama ɗan ƙungiyar harbi da gwamnati ta amince da ita. Sabon shiga yana yin zaman gwaji na aƙalla wata 3 a ƙungiyar. Sannan a kawo mutum biyu da za su tsaya masa, da bayanin likitansa, a kuma zo a duba akwatin ƙarfen da zai riƙa kulle bindigar. A Kanada ana fara yin kwas na kiyaye haɗari, a ci jarrabawa, sannan a nemi lasisin da ake kira PAL.

Abu ɗaya da ya kamata mutanenmu su ji da kyau: kada ka saya wa wani da sunanka. Mun saba da taimakon juna, aboki ya ce takarduna ba su kammala ba, ka karɓo mini. A harkar bindiga wannan babban laifi ne a Amurka, kuma wanda ya sa hannu a fom shi ake kamawa.

Wace irin bindiga ce ta fi dacewa da mai farawa?

Doguwar bindiga mai cin harsashin .22 LR. A kan wannan kusan bakin masu koyarwa ya zo ɗaya, kuma dalilansu masu ƙarfi ne.

Harsashin tsoho ne, kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887, kuma har yau babu harsashin da ya kai shi yaɗuwa a duniyar wasa. Kaurinsa wajen milimita 5.6 ne, nauyin ƙwayar dalmar kuwa wajen giram 2.6. Albarushin da ke ciki kaɗan ne, shi ya sa bindigar ba ta dukan kafaɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya fara da babbar bindiga mai shuri yakan koyi wata muguwar ɗabi'a ba tare da ya sani ba: jikinsa ya riƙa zabura kafin harsashi ya fita, ya runtse ido, ya fizgi kunama. Da zarar wannan ta kama mutum, raba shi da ita aiki ne na watanni. Da .22 kuwa idonka a buɗe yake, kana ganin inda saitinka yake a daidai lokacin da harbi ya tashi, kuma ta nan ne ake gane kuskure a gyara.

Sai kuma kuɗi. A Amurka harsashin .22 na yau da kullum yakan tsaya ƙasa da santi 10 kowane ɗaya in an saya da yawa, alhali na babbar bindiga irin .308 yakan kai dala guda ko fiye. Ka ga kuɗin harbi goma na babba zai ba ka harbi ɗari na ƙarami. Iya harbi kuwa maimaici ne ke kawo shi. Wanda ya yi harbi dubu cikin nutsuwa da bindiga mai araha zai wuce wanda ya yi ɗari da mai tsada, kuma wannan shi ne ginshiƙin duk shawarar da ke cikin wannan shafi.

Ƙari a kan haka, ƙananan filayen harbi na cikin gini, masu tsawon yadi 25, da yawansu suna karɓar .22 ko da ba sa karɓar manyan bindigogi.

Ba bindigar yara ba ce? Wani ya ce min abin wasa ce.

Wanda ya faɗi haka ya yi kuskure ta fuska biyu. Da .22 LR ake gasar Olamfik ta mita 50, inda maharbi ke harbi a durƙushe, a kwance, da a tsaye. Da ita ake gasar nan ta lokacin sanyi da ake haɗa gudu a kan ƙanƙara da harbi. Manyan gwanayen duniya ita suke riƙewa.

Ta ɗaya fuskar kuma, tana kisa. A jikin kwalayen harsashin akan rubuta gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, wato fiye da kilomita 2. Yana kuma da saurin tsalle in ya bugi dutse, ƙarfe ko saman ruwa. Rashin ƙara da rashin shuri su ne ke sa mutane su raina ta, raini kuwa shi ke kawo haɗari.

Mai sakata ko mai ɗura kanta?

Mai sakata ita ce wadda bayan kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanso ya fita, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga. Mai ɗura kanta kuwa ƙarfin harbin ne ke yin wannan aiki. Duk da haka harsashi ɗaya take fitarwa a kowane jan kunama.

Ni dai mai sakata nake ba mai farawa shawara. Tana tilasta maka ka dakata tsakanin harbi da harbi, ka yi numfashi, ka sake daidaita jikinka. Ba ta zaɓen harsashi, kusan duk irin .22 LR ɗin da ka ba ta za ta ci, alhali mai ɗura kanta takan sarƙe in harsashin ba shi da ƙarfi ko in datti ya taru. Wankinta ya fi sauƙi, domin sakatar tana fita gaba ɗaya ka leƙa cikin bututun. Sannan in sakata tana buɗe, kowa a filin yana gani da idonsa cewa bindigar ba za ta tashi ba. A farashi ɗaya kuma, mai sakata takan fi tara harsasai wuri guda.

Wannan ba ya nufin mai ɗura kanta ba ta da kyau. In abin da ke ranka shi ne nishaɗin buga faifan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya kana jin ƙararsu, ita ce ta fi daɗi. Sai dai ka san cewa kwalin harsashi 50 yana ƙarewa cikin 'yan mintuna, kuma sau da yawa ba tare da an koyi komai ba.

Akwai ta uku, mai hannu a ƙarƙashi da ake turawa ƙasa a dawo da shi, irin Henry H001. Tana da kyan gani da santsin aiki, kuma ta dace da mai bahagon hannu da mai dama duka. Amma harbi da ita a kwance ko a kan tebur yana da ɗan wuya, tunda hannun yana buƙatar sarari a ƙasa.

Waɗanne sunaye zan nema a shago?

Farashi yana hawa yana sauka, kuma na Ingila da Kanada ya fi na Amurka, don haka ɗauki lambobin nan a matsayin kimantawa.

A cikin masu sakata, Savage Mark II ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi. A Kanada ake ƙera ta, a garin Lakefield, kuma a Amurka mai ƙotar roba takan kama tsakanin dala 200 da 300. Ƙotar ba ta da wani armashi, amma bututun yana aiki, kuma yawancinsu suna zuwa da kunamar AccuTrigger da ake iya rage wa tauri. Ruger American Rimfire tana sama da ita kaɗan, kuma tana amfani da gidan harsashi iri ɗaya da na Ruger 10/22 da za a ambata a ƙasa, wanda ake samu ko'ina.

In aljihunka zai iya, CZ 457 ta ƙasar Cek ita ce wadda mutum zai saya ya riƙe har tsufa. Ta fito a wajen 2019 ta gaji 455 da 452, kuma takan fara daga wajen dala 500. Tikka T1x ta Finlan sa'arta ce. Waɗannan biyun sun ɗan wuce abin da za a kira araha, amma su ne iyakar abin da mai harbin nishaɗi zai taɓa buƙata.

A cikin masu ɗura kansu, Ruger 10/22 ce sarauniya. Tun 1964 ake yin ta, an sayar da miliyoyi, gidan harsashinta yana cin 10, nauyinta wajen kilo 2.3, farashinta wajen dala 300. Babban abin da ya sa ake son ta shi ne kusan kowane ɓangare nata akwai wanda ke ƙera madadinsa: bututu, ƙota, kunama. Wannan alheri ne, kuma tarko ne, domin mutane da yawa sun sayi ta dala 300 suka ƙare da kashe ninkin haka wajen canje-canje. Marlin Model 60, wadda ta fito a 1960, a kasuwar na hannu aka fi samunta yanzu, da sauƙin kuɗi.

Anschütz, Walther da Feinwerkbau na Jamus su ne ake gani a hannun 'yan Olamfik. Kuɗinsu dubbai ne. Ka kalle su ka yaba, ka wuce.

Bindigar iska fa? Ba ta fi sauƙi ba?

Ga mutane da yawa ita ce ma amsar da ta fi dacewa, musamman mazauna Ingila da Turai. Ba ta amfani da albarushi, matsattsiyar iska ce ke tura 'yar ƙwayar dalma. A Ingila da Wales, wanda ya kai shekara 18 yana iya sayen wadda ƙarfinta bai wuce ma'aunin 12 na fut-fam ba, wato wajen jul 16, ba tare da lasisi ba. A Sikotlan kuwa tun ƙarshen 2016 sai da takardar izini. A Jamus iyakar ita ce jul 7.5. Gwangwanin ƙwaya 500 kuɗinsa kaɗan ne, ƙara kuma ba ta da yawa.

Kada a raina ta wajen koyo. Gasar Olamfik ta mita 10 da ita ake yi, da ƙwaya mai kaurin milimita 4.5, kuma tsakiyar takardar da ke ba da maki goma ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Duk abin da ake buƙata a harbi, tsayuwa, numfashi, jan kunama a hankali, riƙe saiti bayan harbi ya fita, yana nan cikinta. Har ma ta fi tona asirin kuskure, domin ƙwayar tana daɗewa a cikin bututu fiye da harsashi, duk motsin da ka yi zai bayyana a takarda.

Iri biyu ne aka fi sani. Akwai mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana. Ba ta buƙatar komai sai ƙwaya, kuma tana da araha, amma tana da wani irin motsi na gaba da baya da ke sa sai an riƙe ta sako-sako, kuma iri ɗaya kullum. Weihrauch HW30S ta Jamus misali ce mai kyau: ba nauyi, ba wuyar ɗanawa, ga daidaito. Sai mai tanki, wadda ake cika wa iska da famfo na musamman ko tulun iska har matsin ya kai wajen 200 a ma'aunin matsi na bar. Wannan ba ta motsi, harbinta ya fi sauƙi, sai dai kuɗin famfo ko tulu yana hawa kan kuɗin bindiga.

A shagunan Amurka za ka ga kwalaye an rubuta gudun ƙafa 1,200 ko fiye a daƙiƙa da manyan baƙaƙe. Kada wannan ya ja ka. Da ƙwaya marar nauyi ake samun waɗannan lambobi, kuma irin waɗannan bindigogi sukan yi wuyar ɗanawa da wuyar saiti. Takarda ba ta buƙatar ƙarfi.

Nawa zan tanada gaba ɗaya?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe duk kuɗin a kan bindigar. In kana da dala 600, misali, kada bindigar ta ci fiye da rabi. Sauran na abin toshe kunne ne, da tabarau na kariya, da jakar ɗauka, da makulli ko akwatin ajiya, da kayan wanki, da madubin saiti in kana so, da kuɗin shiga fili ko na ƙungiya, da harsashi. In akwai darasin sabon shiga a filin da ke kusa da kai, ka sa kuɗinsa a sahun farko. Awa biyu tare da malami sun fi duk wani ƙarfe da za ka ɗaura wa bindiga amfani.

An ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne bindigar dala 250 ba za ta yi kyan ta dala 1,000 ba. Amma a nisan yadi 50 tana iya harbi fiye da yadda hannun sabon maharbi zai iya, na tsawon lokaci.

Madubin hange ko saitin ƙarfe?

In idonka lafiya lau ne, fara da saitin ƙarfe a yadi 25 yana koyar da abubuwa masu amfani, kuma ba ka ƙara ko sisi. Sai dai ka duba kafin ka saya, domin bindigogi da yawa yanzu, musamman masu kaurin bututu, ba sa zuwa da shi. Wanda shekaru suka fara ja, ko mai sa tabarau, kada ya wahalar da kansa, ya sa madubi.

Madubi mai ƙara girma sau 4, ko mai canzawa daga 3 zuwa 9, ya wadatar. Abin lura shi ne madubin manyan bindigogi an daidaita shi ne don yadi 100, in ka yi amfani da shi a kusa, ɗan motsin kanka zai sa saitin ya goce daga inda kake gani. Nemi wanda aka yi don .22, ko wanda ake iya murɗa shi a daidaita da nisa. Mai bindigar iska ta sifirin kuma dole ya nemi madubin da aka ƙera dominta, domin motsinta na gaba da baya yana lalata madubi na yau da kullum, ko da mai tsada ne. Kuma kada a yi ƙwauro a zobban da ke riƙe madubin. In suna kwancewa, ba za ka taɓa gane ko kai ne ko kayan ba.

Wane harsashi zan saya?

Fara da mai matsakaicin gudu, mai nauyin giren 40, wato wajen giram 2.6, irin CCI Standard Velocity, wanda ke tafiyar wajen ƙafa 1,070 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti. Harsasan gasa na Eley, Lapua, SK da RWS yawancinsu a ƙasa da gudun sauti suke, kuma ba banza ba. Masu gudu sosai sun fi ƙara, kuma ba kasafai suke fin daidaito ba, sai dai wasu masu ɗura kansu sun fi aiki lafiya da su.

Kowace bindigar .22 tana da harsashin da ta fi so, ko da su biyu ne daga kamfani ɗaya. Sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri huɗu ko biyar, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka yi harbi biyar-biyar sau da yawa da kowanne, ka ga wanda ya fi taruwa. Shi za ka riƙa saye da yawa.

A kula: .22 LR daban, .22 WMR daban, .17 HMR daban. Abin da aka zana a jikin bututun bindigarka shi kaɗai za ka sa mata.

Har wane nisa take kaiwa daidai?

Yadi 25 zuwa 50 nan ne gidanta. A yadi 100 ma tana aiki, amma in ka daidaita ta a 50, harsashin zai sauka ƙasa da wajen inci 5 zuwa 7, iska kuma tana kaɗa shi sosai. Masu son koyon karanta iska suna jin daɗin wannan, har akwai gasanni irin NRL22 da aka gina a kansa.

In sayi ta hannu?

E, in ta hannun dillali mai lasisi ce ko ta cikin ƙungiyar harbi bisa ƙa'ida. Bututun .22 ba ya saurin cinyewa, don haka tsohuwar CZ 452 da aka kula da ita takan fi sabuwa mai araha. Haska fitila cikin bututun ka duba tsatsa ko kumburi. Duba bakinsa, in ya sami rauni daidaito ya tafi. Duba gefen ramin da harsashi ke zama, domin a wasu tsofaffin .22, yawan jan kunama babu harsashi yana sa allurar ta riƙa dukan wurin har ya lotsa. Tabbatar makullin kariya yana aiki, kuma ana samun gidan harsashinta a kasuwa. In ba ka san kan abin ba, tafi da wanda ya sani.

Me zan duba in na riƙe ta a shago?

Nemi izini tukuna, kuma a nuna maka cewa babu harsashi a ciki, kai ma ka duba da idonka. Sannan ka ɗora ta a kafaɗa ido a rufe, ka kwantar da kumatu a kan ƙota, ka buɗe ido. In saitin yana gabanka ba tare da ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai ba, ta dace da kai. Mata da masu ƙaramin jiki sukan sami ƙotar ta yi musu tsawo. Akwai gajeru, kuma wasu kamar Ruger American Rimfire ana canza musu gindi.

Ka san kuma wane ido ne ya fi ƙarfi a wurinka. Miƙa hannuwa biyu ka haɗa su su bar ɗan rami, ka kalli wani abu mai nisa ta ciki, ka jawo hannuwan zuwa fuskarka a hankali. Idon da suka nufa shi ne jagora. In hannunka na dama ne amma idon hagu ne jagora, yawancin malamai za su ce ka koyi harbi ta kafaɗar hagu tun yanzu. Savage da CZ duk suna yin masu sakata ta hagu.

Akwai hanyar gwadawa kafin saye?

Akwai, kuma ita ce ta fi. Filaye da yawa a Amurka suna ba da haya, sai dai mai bizar karatu ko ziyara ya tuna cewa hanin da aka ambata a sama ya shafi riƙewa, ba saye kaɗai ba. A Ingila ƙungiyoyi suna da bindigoginsu da sabon shiga ke amfani da su a lokacin gwaji, ƙarƙashin kulawa, kuma NSRA, babbar ƙungiyar harbi ta ƙasa da ke Bisley, tana da jerin ƙungiyoyin ƙananan bindigogi. Bayan wata uku kana harbi da na ƙungiya, za ka san abin da kake so fiye da yadda kowane shafi zai gaya maka.

Ina da yara a gida. Yaya zan yi da ajiya?

Wannan tambaya ta fi duk na sama nauyi, kuma in ba ka da amsarta, kada ka saya tukuna. Bindiga tana zama a kulle, babu harsashi a ciki, harsasai kuma a kulle a wani wuri daban, makullin yana jikinka. Saman kabad ko ƙarƙashin gado ba ajiya ba ne. Yaro ya san kowane lungu na gidan ubansa. Gidajenmu kuma gidajen baƙi ne, 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta suna shiga suna fita. Haka nan in akwai wanda ke cikin matsananciyar damuwa a gidan, ko rigima ta yi tsami tsakanin ma'aurata, a fitar da bindigar zuwa ajiyar ƙungiya ko ta dillali har abin ya wuce. Kuma a yi shawara da uwargida ko maigida kafin a shigo da ita, gida na kowa ne.

A fili kuwa ƙa'idoji huɗu ne ba a sassauta su. Ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yi niyyar harbi ba. Yatsa ba ya taɓa kunama sai saiti ya zauna. Ka san abin da kake harbi da abin da ke bayansa. In jami'in fili ya ce a tsaya, ana tsayawa nan take.

Tana da illa ga lafiya?

Kunne da dalma. Ƙarar .22 tana kaiwa wajen desibel 140, wanda ya isa ya rage ji, jin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Toshe kunne kowane lokaci, a cikin gini ma ka haɗa na cusawa da na rufewa. Dalma kuwa guba ce, mun ga abin da ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Abin da ke maƙalewa a hannun maharbi bai kai wannan ba ko kusa, amma yana taruwa a jiki. Kada ka ci ko ka sha a wurin harbi, wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi kafin ka taɓa abinci ko yaro, kuma mai juna biyu ta haƙura da filin harbi har ta sauka.

Wanki fa?

Ba ta son yawan wanki. Goge sakata da wajen ƙarfen da ɗan mai bayan kowane fita, bututu kuma sai bayan harbi ɗaruruwa ko in ka ga daidaito ya ragu. Shigar da sandar wanki ta baya in zai yiwu, don kada ka ji wa bakin bututun rauni.

In zan koma gida, zan iya tafiya da ita?

A'a. Fitar da bindiga ko harsashi daga Amurka, Kanada ko Ingila ba tare da lasisin fitarwa ba laifi ne a can, shigo da ita Najeriya, Nijar ko Gana ba tare da izini ba kuma laifi ne a nan. An sha ɗaure mutane saboda ɓoye bindigogi cikin motoci da gangunan kaya da ake aikowa Afirka ta Yamma. Ko harsashi ɗaya da aka manta a aljihun jaka yana iya tsayar da mutum a filin jirgi, don haka jakar da kake zuwa filin harbi da ita kada ta zama jakar tafiyarka. In lokacin komawa ya yi, kai bindigar wurin dillali mai lasisi ya saya ko ya sayar maka, ka karɓi takardar shaidar cewa ta bar hannunka, a Ingila kuma ka sanar da 'yan sandan da suka ba ka lasisi.